Keke a Kan Jinga: Yadda Ake Zaga Fadamar Tsuntsaye ta Keoladeo

Gandun Keoladeo fadama ce da ke bakin garin Bharatpur, a gabashin jihar Rajastan ta ƙasar Indiya, kimanin kilomita 55 yamma da Agra, garin da Taj Mahal yake. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 29 ba, kuma an zagaye shi da katangar dutse, amma nau'in tsuntsayen da aka ƙidaya a cikinsa ya haura 350. A yawancin manyan gandayen dajin Indiya, baƙo a bayan mota yake zama, direba ya zaga da shi, ba a barinsa ya sa ƙafa a ƙasa saboda namun daji masu haɗari. Keoladeo kuwa ba haka yake ba. Motar baƙo ba ta shiga tsakiyarsa. Mai son ganin tsuntsaye ko dai ya taka da ƙafa, ko ya hau keke, ko ya ɗauki hayar keke mai ƙafa uku a tuƙa shi. Shi ya sa da wuya a yi zancen wannan wuri ba a ambaci keke ba.

Sunan ya fito ne daga wani tsohon ɗakin bautar Hindu da ke tsakiyar gandun, wanda aka keɓe wa Shiva. Mutanen gari kuwa Ghana kawai suke ce wa wurin. Babu abin da ya haɗa shi da ƙasar Gana; a harshen Hindi kalmar tana nufin abu mai duhuwa, irin kurmin da ya sarƙe.

Hanyoyin da ake bi da keke a ciki ba don keke aka yi su ba. Jinga ce, wato tudun ƙasa da aka ɗaga don tare ruwa. Asalin wurin kwari ne da ruwan damina ke kwanciya a cikinsa na ɗan lokaci ya janye. A tsakiyar ƙarni na 18 Maharaja Suraj Mal, sarkin Bharatpur, ya sa aka gina wata doguwar madatsa ta ƙasa mai suna Ajan, don ta riƙe ambaliyar kogunan Gambhir da Banganga. In madatsar ta cika, sai a saki ruwan ya gangara kwarin, manoma kuma su shuka amfanin rani a kan laimar da ya bari a baya. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 masarautar ta ƙara wani aiki a kai: aka yanka kwarin gida-gida da layukan jinga, kamar yadda mai lambu ke yanka fangali, aka sa ƙofofin ruwa a tsakaninsu ta yadda za a iya cika wannan gida a rage wancan. Aka kuma tara tsibirai na ƙasa a cikin ruwan, aka dasa musu itatuwa.

Duk wannan ɗawainiya don farauta aka yi ta. Ana so agwagin daji su taru da yawa, sarki ya gayyato manyan Turawan mulki su harbe su. A 1902 Lord Curzon, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, ya buɗe farautar farko. Kusa da ɗakin bautar nan har yanzu akwai allunan dutse da aka rubuta lissafin kowace farauta a kansu: rana, da sunan babban baƙo, da yawan bindigogi, da yawan abin da aka kashe. Masu keke kan jingine kekunansu a nan su karanta. Adadin da ya fi tsayar da mutane shi ne na watan Nuwamban 1938, inda ayarin Lord Linlithgow, shi ma wakilin Sarkin Ingila a Indiya, suka harbe tsuntsaye 4,273 a yini guda. Jingar da mafarauta suka ɓuya a bayanta ita ce baƙi ke bi yau da madubin hangen nesa rataye a wuya.

Bayan Indiya ta sami 'yancin kai, masanin tsuntsayen nan Salim Ali na cikin waɗanda suka matsa a kan kada a mai da kwarin gonaki. A 1956 aka ayyana shi mafakar tsuntsaye, ko da yake sarkin ya ci gaba da riƙe ikon farauta har 1972. A 1981 ya shiga jerin fadamun yarjejeniyar Ramsar, a 1982 ya zama gandun ƙasa, a 1985 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya.

Babbar hanyar ciki ɗaya ce, siririyar kwalta da ta tashi daga ƙofa ta miƙe har ɗakin bautar, tafiyar kimanin kilomita biyar. Babu hawa babu gangara. Farkonta busasshen daji ne, kuma wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ga kamar bai yi nisa da gida ba, domin itatuwan ba baƙi ba ne a wurinsa. Abin da Indiyawa ke kira babul bagaruwa ce, ber kuma magarya. Kadam, wanda ya yi kurmi a wasu sassan gandun, ɗan'uwan giyayya ne, kuma kamar ita yana son ƙasar da ruwa ke kwanciya. Ciyawar khus, mai saiwa mai ƙanshi, 'yar gida ɗaya ce da jema. A wannan ɓangare ne ake cin karo da dila yana tsallake hanya ba tare da ya damu da kowa ba, da garken barewa masu ɗigo-ɗigon fari, da nilgai, wata babbar dabba mai kama da gwanki wadda sunanta ke nufin shuɗiyar saniya. Ana wuce wani shinge na ma'aikata, sai daji ya buɗe, ruwa ya bayyana dama da hagu, hanyar ta koma jinga sosai, itatuwa sun yi mata rumfa.

Daga wannan babbar hanya ƙananan hanyoyi suke ballewa, wasu an shimfiɗa musu tubali, wasu turɓaya ce zalla. A nan ne fifikon keke mai ƙafa biyu yake fitowa. Mai tafiya da ƙafa zai gaji kafin ya kai ƙarshen ko da guda biyu daga cikinsu, keke mai ƙafa uku kuma ba ko'ina yake shiga ba. Mai keke shi ne ke iya barin cunkoson babbar hanya, musamman ranakun hutu da 'yan makaranta ke cika ta, ya ɓulla can ƙurya inda ba a jin komai sai kukan tsuntsu da ƙarar sarƙar kekensa.

Sai dai wannan ba wurin gwada ƙarfin cinya ba ne. Matuƙi mai ƙwari zai iya cinye babbar hanyar cikin minti 20, amma da ya yi haka gara bai biya kuɗin shiga ba. Masu zuwa don tsuntsaye sukan shafe yini guda a kan wannan 'yar tazara, domin tafiyar rabinta tsayuwa ce: a taka feda sau goma, a ja birki, a sauke ƙafa ɗaya ƙasa, a ɗaga madubi. Amfanin keke a nan shi ne ba shi da inji. Tsuntsayen sun saba da ganin mutum yana wucewa a kan jinga, kuma muddin bai sauka ya nufo bakin ruwa ba, ba sa tashi. Ƙarar babur za ta kore su tun daga nesa, gilashin mota kuma zai hana mutum jin kuka, alhali sau da yawa kunne ne ke fara gano tsuntsu kafin ido. Ko ƙararrawar keke ma, wadda a titunan Indiya ba ta hutawa, a nan mai hankali yakan ƙyale ta.

Kekunan da ake bayarwa haya a ƙofa da masaukan baƙi na gari yawanci marasa giya ne, masu nauyi, irin waɗanda ba su da wani ado. Ga wannan hanya sun wadatar, har ma sun fi keken tsere mai siririyar taya, wanda tubali da turɓaya za su wahalar. Abin dubawa kafin a karɓa shi ne birki, da iskar taya, da ko sirdin yana ɗaguwa daidai tsayin mutum. Babban abokin gabar taya a wurin ƙaya ce. Bagaruwa tana zubar da tata, ga kuma Prosopis, wani itace mai ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka, wanda ya taɓa mamaye babban ɓangare na gandun har sai da aka shiga aikin tumɓuke shi daga 2007, aka bar mutanen ƙauyukan kewaye su kwashi itacen girki a madadin aikinsu. Babu mai faci a cikin gandu. Wanda tayarsa ta sace a ƙurya, turawa zai yi har ƙofa.

Su kuwa matuƙan keke mai ƙafa uku, su ne ainihin malaman wurin. Hukumar gandun ce ke ba su izini da lamba, tana kuma horar da su, kuma da yawansu sun shekara ashirin ko talatin suna bin hanya ɗaya kullum. Mutumin da bai yi nisa a boko ba zai iya kiran sunayen ɗaruruwan tsuntsaye da Ingilishi, ya bambanta mace da namiji, ya faɗi watan da kowane ke isowa. Yana cikin tuƙi zai tsaya ƙarƙashin wata bishiya da baƙo ya wuce sau uku bai ga komai ba, ya nuna wani kogo da yatsa, sai ga mujiya biyu suna gyangyaɗi, launinsu ya saje da ɓawon itacen. Idan ɗaya ya ga wani baƙon tsuntsu, kafin hantsi labari ya game sauran. Da awa ake biyansu, ba da nisan tafiya ba, kuma tsarin ya dace da wurin, tunda ba wanda ke gaggawa. A 'yan shekarun nan kekuna masu aiki da batir sun fara maye gurbin masu feda. Mai keken kansa da ke son ya amfana da ilimin wurin yakan ɗauki ɗan rakiya mai lasisi, shi ma a kan nasa keken, su jera.

Abin da za a gani ya danganta da wata. Damina tana sauka ne daga Yuli zuwa Satumba, kuma da zarar an saki ruwa cikin gandun, tsuntsayen gida sukan hau sheƙa. Bagaruwar da aka dasa a kan tsibirai takan cika maƙil, sheƙa a kan sheƙa, nau'i biyar ko shida a bishiya guda: balbela, zalɓe, masu baki kamar cokali, baƙaƙen masu nutso, da dangin shamuwa iri-iri. Wadda ta fi jan ido a cikinsu fara ce mai baƙin ratsi a fiffike, da dogon baki rawaya, da wasu gashin baya ruwan hoda kamar an shafa musu fenti. Idan tana kiwo, takan tsoma bakinta cikin ruwa a ɗan buɗe, tana kaɗa shi hagu da dama, tana motsa laka da ƙafa ɗaya, da kifi ya taɓa bakin sai ta datse. Da rana ta take, uwa takan tsaya a bakin sheƙa ta buɗe fukafukai ta yi wa 'ya'yanta inuwa. Mai keke tun kafin ya iso yake jin hayaniyar 'ya'yan, da ƙarnin kifi, ga rassan sun yi fari fat da kashi. Wasu daga cikin bishiyoyin nan jifa ɗaya ne tsakaninsu da kwalta.

Akwai kuma wani mai nutso da Indiyawa da Turawa duk suke kamanta shi da maciji, saboda in yana iyo jikinsa duka a cikin ruwa yake, siririn wuyan ne kaɗai a waje yana lanƙwasa. Soke kifi yake yi da baki, ya cilla shi sama, ya cafe ta kai. Gashinsa yana jiƙewa, don haka bayan ya ƙoshi sai ya hau kututture ya shanya fukafukai.

Daga Oktoba baƙi ke fara sauka, waɗanda suka gudo daga sanyin Saberiya da tsakiyar Asiya: agwagi iri-iri dubbai, da kwasakwasa, da gaggafa masu bin su don farauta, da wata dinya mai baƙin ratsi biyu a ƙeya wadda ke tsallako duwatsun Himalaya. Disamba zuwa Fabrairu ne gandun ya fi cika da tsuntsaye da mutane. Sanyin asuba a lokacin yana sauka ƙasa da digiri biyar, hannu ya ƙage a kan birki, hazo kuma kan rufe ruwan har sai rana ta ɗaga. Da hantsi ya yi, mesa kan fito daga ramukan beguwa ta miƙe tana shan rana, har akwai wani wuri da aka sa wa sunanta. A kowane lokaci na shekara kuma ana iya dacewa da sarus, wani dangin gauraka mai toka-toka da jan kai, wanda tsayinsa kan kai na cikakken namiji, kuma babu tsuntsu mai tashi da ya kai shi tsawo. Bibbiyu suke yawo, mace da miji, kuma manoman yankin ba sa taɓa su.

Tsuntsun da ya fi ɗaukaka sunan Keoladeo a duniya kuwa ba a ganinsa yanzu. Farar gaurakar Saberiya ce, mai jar fuska, wadda ke hayayyafa a yankin kogin Ob na Rasha, ta yi tafiyar kilomita dubbai ta kan Kazakistan da Afganistan da Pakistan, ta sauka a wannan 'yar fadama ta shafe lokacin sanyi tana tonon saiwoyi masu kama da aya. A tsakiyar shekarun 1960 ana ƙirga kusan 200. Harbi a kan hanya ya yi ta rage su, har ya zama saura biyu. Bayan sanyin 2001 zuwa 2002 ba su sake dawowa ba.

Katangar da ta zagaye gandun ita ma tana da nata tarihin, kuma ba mai daɗi ba ne. Kafin 1982 mutanen ƙauyukan kewaye suna kora dubban shanu da ɓaunar gida su yi kiwo a fadamar. Da aka mai da wurin gandun ƙasa, doka ta haramta kiwo a cikin katangar. A watan Nuwamban shekarar mutanen suka yi yunƙurin shiga da dabbobinsu, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Abin da ya biyo baya ya ba masana kunya. Ashe ɓaunar ce ke cinye wata ciyawar ruwa mai yaɗo, tana tattake ta. Da aka kore ta, ciyawar ta rufe sararin ruwan da agwagi ke buƙata. Ƙungiyar nazarin halittu ta Bombay ta shafe shekara goma tana bincike a wurin, kuma sakamakon da ta fitar ya nuna cewa fadamar tana buƙatar kiwon. Doka dai ba ta sauya ba. Abin da aka yi shi ne a ba mutanen ƙauye izinin yankan ciyawa a wasu lokuta, shi ya sa mai keke kan yi kiciɓis da mata ɗauke da dammai a kan jinga, ya ratse ya ba su hanya.

Amma babbar matsalar ruwa ce. Fadamar da hannu ya yi, hannu ne ke shayar da ita, kuma ruwan saman yankin, wanda bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, ba ya isarta. Kogin Banganga ya daɗe da daina kawo abin kirki. A kan Gambhir kuma an gina dam ɗin Panchana a gundumar Karauli, manoman can suka ce su ma gonakinsu na jin ƙishi. A 2004, da wasu shekarun da suka biyo, gandun ya bushe ƙaƙas, tsuntsaye suka watsar da sheƙunansu, masu hayar keke suka zauna ba ciniki. Mutanen Hadejia da Nguru, waɗanda ambaliyar fadamarsu ta ragu bayan gina dam ɗin Tiga da na Challawa, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan irin wannan rigima. Daga baya aka jawo ruwa ta bututu daga kogin Chambal da kuma magudanar Govardhan. Hakan ya taimaka, sai dai ruwan ambaliya da 'ya'yan kifi yake zuwa, su ne abincin masu sheƙa, ruwan bututu kuwa ba ya kawo su haka. Ga kuma tarwaɗar Afirka, wadda masu kiwon kifi suka shigo da ita Indiya, ta sami hanyar shiga gandun tana cinye kifayen gida, har da ƙananan tsuntsaye. Ma'aikata kan jira rani, ruwa ya ragu ya koma kududdufai, su kwashe ta da raga. Saboda haka mai niyyar zuwa yakan fara tambayar yadda daminar bana ta kasance.

Wanda zagayen ciki bai ishe shi ba, akwai tituna a waje. Ƙofar gandun a bakin babbar hanyar Agra zuwa Jaipur take, hanya mai manyan motoci da ba ta dace da keke ba sai dole. Ƙananan hanyoyin ƙauye sun fi sauƙi, kuma a lokacin sanyi suna ratsa gonakin mastad da suka yi rawaya har iyakar gani, ana rabon hanya da tarakta da amalanken raƙumi. A hannun hagu ake tuƙi a Indiya, abin da baƙo daga Najeriya ko Nijar zai riƙa tuna wa kansa a kowace mararraba. A cikin Bharatpur akwai ganuwar Lohagarh, wadda sojojin Ingila ƙarƙashin Lord Lake suka kewaye a 1805 suka kasa ci. Fatehpur Sikri, birnin jan dutse da Sarki Akbar ya gina, yana da nisan kilomita 20 da 'yan kai ta gabas, fadar Deeg mai lambuna da maɓuɓɓugan ruwa kuma kilomita 30 da ɗoriya ta arewa. Duka biyun ana zuwa a dawo a yini guda.

Gandun kansa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yake buɗe. A watannin Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 45, baƙin tsuntsaye sun tafi, yawancin gidajen ruwan sun koma busasshiyar laka mai tsattsagewa. Masu shiga a lokacin ba su da yawa, kuma da sassafe suke yi, su ɗaure gorar ruwa a kariya, su fito kafin rana ta take.